Maɓuɓɓugar Fontana Maggiore ta Perugia: yaya ruwa ya hau ba inji?

Ɗan Koyo: Salamu alaikum, malamai. Perugia ta Italiya a kan tudu take, an kuma kammala wannan maɓuɓɓuga a 1278. Me ya tura ruwan har dandalin garin, inda take? Sannan me ke cin marmarar irin waɗannan gine-gine?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Nauyin ruwan ne kawai. Idon ruwan yana tsaunin Pacciano, wanda ya fi dandalin tudu. Idan aka rufe ruwa ruf a bututu, zai gangara kwari ya sake hawa har kusan tsayin inda ya taso, kamar tiyon awo na magina. Wahalar tana can gindin kwarin: duk gangaren mita 10 na ƙara matsi da kusan "bar" 1 (ma'aunin matsi ne), to a nan mahaɗin bututun darma ke fara yoyo. Iska kuma kan maƙale a wuraren da hanyar bututun ta yi tudu ta tare ruwa, dole a bar mata mafita. Boninsegna, mutumin Venis, shi ya riƙe aikin ruwan, Fra Bevignate na kula da ginin.

Malama Mai Adana Tarihi: Ƙanena, kafin maganar lalacewa ka san fasalinta. Kwarmin ƙasa gefe 25 gare shi, kowane gefe da allo biyu, 50 ke nan: ayyukan watanni goma sha biyu, fannonin ilimi, labaran Baibul da na Rum. Na sama yana da mutum-mutumi 24, sai tasar tagulla a ƙoli. Nicola Pisano da ɗansa Giovanni suka sassaƙa.

A ganina ƙarfe ya fi komai ɓarna. Maɗauran da ke haɗa duwatsu in suka yi tsatsa sai su kumbura su tsaga marmara daga ciki, ba a gani sai ɓari ya faɗo. Shi ya sa magabata ke zuba musu narkakkiyar darma, yanzu kuma ake musanya su da titaniyam ko ƙarfe marar tsatsa. Sai hunturu: ruwan da ya shiga tsaga na ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100 in ya daskare.

Ɗan Koyo: Yaya, farin ɓawon nan da ruwa ke bari fa? Ba asid ake sa masa ba?

Malama Mai Adana Tarihi: Kul! Ɓawon da marmarar asalinsu ɗaya, asid ba zai bambance su ba, da fuskokin sassaƙar zai tafi. Da siririyar aska ake kankarewa sannu-sannu. Baƙin ɓawon hayaƙi kuwa da feshin ruwa mai laushi, ko jiƙaƙƙiyar dakakkiyar takarda, ko hasken leza, bayan an gwada a ɗan lungu. Tsaga kuma da kwaɓin farar ƙasa ake cikewa, siminti ya yi tauri da yawa ga gishiri a cikinsa.