Zauren direbobin manyan motoci: karɓar tirela ana biya wata-wata, ko zama a tuƙin kamfani?

Sabon Hannu: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Yau raina a ɓace yake. Ban daɗe da samun lasisin G ba, na kama tuƙi a wani kamfani da ba sai na kama sunansa ba. Mun taso da kaya daga Legas, cunkoso ya tsare mu tsakanin Jebba da Mokwa, mota na ta cin mai ana ja da tsayawa. Da na iso Kano aka ce dizal ɗin da aka auna mini bai kamata ya ƙare ba, aka zaftare a albashina. Ko sannu da hanya ba a yi mini ba. To yanzu wani Alhaji ya ce zai ba ni kan tirela ɗan Beljiyam, in ba da kafin alƙalami, in riƙa biya duk wata har ta zama tawa. Ni a wurina direban kamfani bawa ne mai lasisi. Wanda ya taɓa karɓar mota a irin wannan tsari ya faɗa mini yadda ake rubuta takardar.

Baba Na-Tafa: Wa alaikumus salam. Yaro, wa kake ce wa bawa? Tun kafin a haife ka nake tuƙin kamfani. Da wannan albashin na gina gida, na aurar da 'ya'ya mata, na sauke farali. Ka janye wannan kalmar tukuna, sannan a yi maganar takarda.

Mai DAF: Baba, Allah ya huci zuciyarka, amma yaron nan bai zage ka ba. Mutumin da aka sa wa tiraka, wato na'urar bin diddigi, a mota, in ya tsaya salla a kira shi a waya a ce me ya tsayar da shi, wane suna za a ba shi? Ni na yi tuƙin kamfani na bari. Yau makullin motata yana aljihuna, ba mai ce mini tashi ko zauna.

Baba Na-Tafa: Makulli yana aljihunka, takardun motar suna aljihun wa? Ka faɗa wa jama'a gaskiya mana.

Mai DAF: Saura kaɗan in gama biya, Baba.

Baba Na-Tafa: To ka gama tukuna, sai ka zo ka koya mana 'yanci.

Limamin Gareji: Jama'a mu ji tsoron Allah da harsunanmu. Bawa shi ne wanda aka mallaki wuyansa, ba ya iya barin ubangidansa. Ma'aikaci kuwa ɗan ƙodago ne, ya sayar da lokacinsa da yardarsa, ranar da ya so ya ajiye makulli ya tafi. Annabi Musa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi aikin ƙodago a Madyana shekara 8 ko 10 kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasas. Ba a kiran mai neman halal ɗinsa bawa.

Ɗan Kamasho: Malam ya gama magana. Mu duka bayin Allah ne, shi ke nan.

Mai DAF: Allah gafarta Malam, ba bautar littafi ake nufi ba. Kowa ya san abin da yaron yake nufi. Ana cewa ka ajiye makulli ka tafi, ka tafi ina? Layin masu jiran motar da ka ajiye ya fi layin tireloli na tashar ruwan Apapa tsawo.

Injiniyan Kwanar Dawaki: Ni makanike ne, bari in sa baki, don a ƙarƙashin motocin nan nake wuni. Ƙanena Sabon Hannu, kan da Alhajin zai ba ka ya gama aikinsa a Turai kafin a sauke shi a tashar ruwa. Wa ya buɗe maka injin ya duba? Tirela tayoyinta 18 ko 22, gwargwadon bodin da ka ɗaura. A kamfani in taya ta fashe waya kawai za ka buga. A hannunka in giyabos ya tafi, ko inji ya buga a dajin Birnin Gwari, kai za ka nemo mai ja, kai za ka biya ni, kai za ka sayi kayan gyara, kuma ranar biyan Alhaji ba za ta matsa ba ko da kwana ɗaya. Kayan gyaran nan da dala ake shigo da su. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Waɗanda suka karɓi mota kafin wannan lokacin da lissafin tsohon farashi, da yawansu a garejina motocinsu suka kwana har masu su suka zo suka ja.

Mai DAF: Saboda Howo, motar China, suka karɓa. Wanda ya karɓi DAF bai kwana a garejinka ba.

Injiniyan Kwanar Dawaki: Oga, kada ka ja ni. Sabuwar Howo ta fi tsohuwar DAF da ta ga shekara 15 a kan titi, kuma kayan gyaranta ko'ina akwai su.

Mai DAF: Ka taɓa hawa da ita da lodin siminti a tudun Akwanga? Ka hau tukuna.

Ɗan Kamasho: MAN ce uwar motoci, ku bar wannan gardamar.

Sabon Hannu: Don Allah ni takarda na tambaya.

Baba Na-Tafa: Ka janye kalmar bawa, na ce. Mu a zamaninmu sai ka yi shekaru kana karen mota, kana wanke bodi, kana ɗaure tamfol, kana kwana a ƙarƙashinta kana gadin kaya, kafin maigidanka ya bar ka ka matsar da ita a cikin tasha. Ku kun je makarantar koyon tuƙi wata uku kun fito kuna neman zama masu mota. Kowa ya hau motar kwaɗayi a tashar wulakanci zai sauka.

Sabon Hannu: Baba, ni ban raina ka ba, kuma ba kwaɗayi ba ne mutum ya so ya mallaki abin kansa. Ina da iyali, ina da mahaifiya.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Mu nan wajenmu mun ga abin da idonmu. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe iyaka, motoci suka tsaya cak a Jibiya da Ɗan Isa, ta wajen Birnin Ƙonni ma haka, har zuwa Maris na 2024. Kafin nan ma Najeriya ta rufe daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Direban da yake ƙarƙashin kamfani an juya shi wata hanya, ko an ce ya zauna gida ya jira. Wanda ya karɓi mota bashi yana dogaro da wannan hanyar kaɗai, mota na tsaye, wata na ƙarewa, mai kuɗi na buga waya. Sabon direba hanya ɗaya ya sani, dillali ɗaya ya sani. In ta toshe shi ke nan.

Ɗan Kamasho: Ai ku kuka ja wa kanku.

Ɗan Maraɗi: Mu direbobi ne muka yi juyin mulkin? Ko mu muka sa takunkumin? Malam ka iya bakinka.

Ɗan Kamasho: Wutar lantarkin da aka yanke muku fa?

Shugaban Zaure: Ban da siyasa a zauren nan. Na sha faɗa.

Limamin Gareji: Akwai abin da ya fi wannan muhimmanci da ba a taɓo ba. Ɗana, ka tambayi Alhajin nan: sayar maka ya yi, ko haya ya ba ka? In sayarwa ce da farashi sananne ana biya kashi-kashi, jumhurin malamai sun halatta ko da ya ɗara farashin kuɗi hannu, amma da sharaɗin ba za a ƙara maka ko kwabo ba don ka makara. Ƙarin makara shi ne riba. In kuma haya ce, wato ijara, motar tasa ce har ka gama, saboda haka babban gyara da asarar motar a wuyansa suke, ba a wuyanka ba. Abin da wasu ke yi shi ne su haɗa biyun su ɗauki mai daɗin kowanne: in mota ta lalace a ce taka ce, in ka gaza biya a ce tasu ce. Wannan zalunci ne.

Mai DAF: Malam, kana nufin abincin da nake ci haram ne?

Limamin Gareji: Ban ga takardarka ba, Alhaji. Ban yanke hukunci a kan abin da ban gani ba.

Mai DAF: Albashin kamfanin da ke cin bashin banki da ruwa fa? Shi halal ne? A riƙa adalci.

Baba Na-Tafa: Yanzu kuma albashinmu ne haram? Da bayi ne mu, yanzu mun zama masu cin haram. Allah ya isa.

Mai DAF: Baba, ni tambaya na yi.

Akawun Lauya: Ni a ofishin lauya nake aiki, mahaifina direban tanka ne shi ya sa nake cikinku. Akwai dokar sayen kaya ta hanyar haya ta 1965. Ta ce dole a yi yarjejeniyar a rubuce, a bayyana farashin kuɗi hannu da jimillar abin da za ka biya. Kuma a kan mota, in ka biya kashi 3 cikin 5 na jimillar, mai motar ba shi da ikon ƙwace ta ya ƙare magana sai ya bi ta kotu. Matsalar ita ce yawancin irin wannan ciniki a tsakaninmu da baki ake yi, ko a rubuta layi huɗu a takarda a gaban dillali. Ƙanena, kada ka ba da sisi sai an rubuta wa zai biya inshora, wa zai yi babban gyara, me zai faru in ka makara wata ɗaya, kuma me zai dawo maka in aka fasa.

Ɗan Kamasho: Kotu? Kafin a kira shari'arka mota ta zama kwarangwal a bayan ofishin 'yan sanda. Mu amana muka sani.

Akawun Lauya: Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Malam yana nan, a tambaye shi.

Limamin Gareji: Haka ne, aya ta 282 a Baƙara.

Hajiya Mai Tuwo: 'Ya'yana, ni a Mararrabar Jos nake sayar muku da abinci, kuma littafin bashina ya san kowa. Direban kamfani yana ci bashi, ƙarshen wata ya biya. Mai biyan mota in harka ta buɗe shi ne mai saya wa kowa nama, in ta rufe sai ka ga ya daina tsayawa a rumfata don kunya. Na ga waɗanda suka gama biya suka ƙara ta biyu, ba zan ɓoye ba. Amma duk tsofaffin hannu ne, sun san 'yan kasuwar Dawanau, sun san wanda zai ba su lodin dawowa daga Legas. Ɗana, in ka sauke hatsi a kudu, wa zai ba ka kayan da za ka dawo da su? In ka dawo wayam, man dawowa ya cinye ribar zuwa.

Ɗan Kamasho: Hajiya, ai don haka muke. Ya zo wurina, lodi ba zai gagara ba.

Injiniyan Kwanar Dawaki: Bayan ka cire naka, 'yan ƙungiya sun cire nasu, masu shinge sun karɓi nasu daga Tafa har Ogere, me zai rage masa?

Ɗan Kamasho: Ku makanikai ne za ku yi maganar cire-cire? A kawo muku mota da ciwo ɗaya ta fita da uku.

Injiniyan Kwanar Dawaki: Ka faɗi motar da na taɓa ɓata maka. Ka faɗa a gaban kowa.

Baba Na-Tafa: Har yanzu yaron nan bai janye ba, ina lura.

Sabon Hannu: Baba, na janye saboda girmanka. Amma kuɗin man da aka yanke mini zalunci ne, wannan ba zan janye ba.

Baba Na-Tafa: Wannan kuma ka kai wa shugabannin ƙungiya, don haka aka kafa ta. Da ka ɗauki hoton cunkoson a waya da ka sami hujja.

Mai DAF: Wace ƙungiya? Ta masu karɓar kuɗin tikiti?

Baba Na-Tafa: Ka tambayi direbobin tanka ko ƙungiya tana da amfani. In suka ajiye makulli kwana biyu ƙasar nan tsayawa take yi. Ku 'yan ƙungiyar NARTO ai masu mota ne, ciwonku daban da namu.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in tattara. Abin da ya fito fili shi ne yawancinmu mun yarda babu abin da ya kai mutum ya mallaki motarsa. Malam ya tabbatar mana cewa biya kashi-kashi halal ne. Hajiya ta shaida cewa akwai waɗanda suka gama biya suka ƙara ta biyu. Mai DAF ga shi nan misali a gabanmu. Abin da Injiniya ya faɗa kan gyara gaskiya ne, amma wannan ya danganta da kulawar direba, mai kula da mai da ruwa ba ya kwana a gareji. Mu masu ba da mota ma muna ɗaukar kasada, don dukiyarmu muke damƙa wa yaro ya shiga daji da ita, ba a faɗi wannan ba. Shawarata ga Sabon Hannu ya yi istihara ya karɓa, ƙuruciya ita ce lokacin ɗaukar nauyi.

Akawun Lauya: Ranka ya daɗe, ba ka ambaci maganar rubutu da kashi 3 cikin 5 ba, kuma Malam sharaɗi ya gindaya.

Ɗan Maraɗi: Ni ma an tsallake tawa. Kuma Ɗan Kamasho bai ba ni haƙuri ba.

Shugaban Zaure: Na rufe turo saƙo sai bayan sallar asuba.