Da gaske Garwa kaɗai Ahijo ya yi wa aiki?

Ɗan Kusiri: Jama'a salamu alaikum. Jiya a majalisarmu wani ya ce Ahmadu Ahijo uban Arewacin Kamaru ne, ni kuwa na ce uban Garwa dai. Shekara 22 yana shugabancin Kamaru, daga 1960 zuwa 1982. Filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa, Garwa. Hedikwatar kamfanin auduga Sodecoton, Garwa. Masaƙar Cicam, Garwa. Filin ƙwallo na Roumdé Adjia, Garwa. Gwamnan Arewa gaba ɗaya ma a zamaninsa can yake zaune. Mu na bakin kogin Logon me muka samu?

Baba tsohon ma'aikacin gidan waya: Wa alaikumus salam ɗana. Ka lissafa abin da ya yi maka daɗi, ka tsallake sauran. Jirgin ƙasa da ya taso daga Yawunde, ina ya tsaya a 1974? Gaundare. Da son garinsu ne kaɗai a ransa, ai da ya ja layin ya sauka da shi har Garwa a bakin Binuwai. Ni na ga tashar Gaundare a shekarun farko, ana loda shanu a tarago, 'yan goro suna sauke huhunan da suka zo daga kudu, ƙanƙanin gari ya koma kasuwa. Kafin nan mai shanu da ƙafa yake kora su zuwa kudu, su isa duk sun rame. Wannan aikin Garwa ne?

Hajiya mai shinkafa, Yaguwa: Baba ya faɗi gaskiya. Ɗan Kusiri, ƙanena, Semry, kamfanin noman shinkafa, fa? A 1971 aka kafa ta, a nan Yaguwa, kuma madatsar Maga a 1979 aka yi ta. Shinkafar da nake aunawa a kwano yau daga waɗannan fadamun take fitowa. Masu kamun kifi a Maga su ma zamaninsa suke ci.

Ɗan Kusiri: Hajiya, ban musa Semry ba. Amma makaranta fa? Marwa ba ta ga jami'a ba sai 2008.

Malamin lakwal, Marwa: A nan kam hujjarka ta juya maka baya. Ita Garwar sai 2022 ta samu tata jami'ar. Cibiyar karatun jami'a da aka ba Arewa a zamaninsa Gaundare aka kai ta. Kuma gwamnan da ya riƙe Arewa daga 1972 har 1983, Usman Mey, ai ɗan yankinku ne na Logon da Shari. Sadu Dawudu da ya daɗe yana ministan soja mutumin Gaundare ne. Ni inda nake da ja da masu yabon Ahijo daban ne. Ya jingina mulkinsa a Arewa kan lamiɓe, wato sarakunan Fulani, da manyan Musulmi, mutanen duwatsun Mandara da ƙabilun Tupuri da Masa da Mundang kuwa da yawansu sun ji an mai da su saniyar ware. An san yadda wasu suka riƙa sauya suna don su samu aiki ko sarauta. Wannan rabon shi ya fi ciwo, ba na Garwa da Kusiri ba, kuma har yau yana bin siyasarmu.

Baba tsohon ma'aikacin gidan waya: Malam, ka tuna ƙasar da ya karɓa. Yaron da aka haifa a Garwa a 1924, ya fara aiki yana buga waya a gidan waya kamar mu, ya shiga majalisa a 1947, ya zama firayim minista a 1958 yana da shekara 33. Kudu na cin wuta da yaƙin 'yan tawayen jam'iyyar UPC, ga ɓangaren masu Ingilishi da aka haɗe da su a 1961. Dubi maƙwabta a lokacin: Najeriya ta yi yaƙin basasa, Cadi ta yi ta yi. Mu muka kwana lafiya.

Malamin lakwal, Marwa: Baba, da girmanka, lafiyar nan akwai tsoro a cikinta. Dokar 1962 ta hana a buɗe baki a soki gwamnati. A 1966 aka narkar da jam'iyyu duka cikin jam'iyya ɗaya tilo, UNC. An harbe jagoran UPC Ernest Ouandié a bainar jama'a a Bafusam a watan Janairun 1971. Kurkukun 'yan siyasa na Colire kuma a nan Arewa yake, ba a kudu ba. Mahaifina in za a ambaci gwamnati a zaure sai ya leƙa waje tukuna, ya rage murya, ya ƙara ƙarar rediyo.

Direban Garwa–Marwa: Ni dai abin da na sani, wutar da kuke caja waya kuna wannan musu da ita daga Lagdo take zuwa, madatsar da 'yan Sin suka gina aka gama a 1982. Har Marwa take kaiwa, har Gaundare. A kawo mini wata madatsar wuta mai girmanta da aka ƙara mana a Arewa tun daga lokacin.

Ɗan Kusiri: Lagdo ɗin ma ai a ƙofar Garwa take.

Direban Garwa–Marwa: To a ina kake so a tare Binuwai, a Kusiri?

Hajiya mai shinkafa, Yaguwa: Ni abin da ke ci mini rai daban ne. Mutumin nan da kansa ya sauka a Nuwamban 1982, ya miƙa wa Paul Biya, ba soja ne ya kore shi ba. Bayan sun ɓata aka yanke masa hukuncin kisa a 1984 ba ya nan. Ya rasu a Dakar ranar 30 ga Nuwamba 1989, aka binne shi a maƙabartar Yof. Matarsa Germaine ta yi ta neman a dawo da shi gida da girmamawar ƙasa har ita ma ta rasu a 2021, aka binne ta can. Ko Garwa kaɗai ya yi wa aiki, Garwar ba ta samu kabarinsa ba. Allah ya jiƙansa.

Ɗan Kusiri: Amin Hajiya. Jirgin ƙasa da Semry na karɓa. Amma mu da ke ƙarshen ƙasa, wanda ba shi da lafiya a Kusiri har yau Njamena ta fi masa kusa da kowane babban asibiti na Kamaru, kuma shekara 22 ta isa a gyara wannan. Malam, maganar mutanen dutse da ka kawo, ina so ka buɗe ta sosai gobe in Allah ya kai mu.

Malamin lakwal, Marwa: In sha Allah. Zan fara daga Mokolo, a duwatsun Mandara.