Bayan tiyatar sankarar tayiroid: abin da likitoci suka jaddada

Wanda aka cire masa tayiroid (ƙullin da ke gaban wuya mai fitar da sinadarin da ke daidaita aikin jiki) baki ɗaya zai sha levothyroxine, maganin da ke maye gurbin wannan sinadari, kullum har ƙarshen rayuwa: da safe, ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Maganin kalsiyam ko na ƙarin jini yana hana jiki tsotse shi, don haka a raba su da awa 4. Bayan mako 6 zuwa 8 a yi gwajin jini na TSH, wanda ke nuna ko maganin ya isa, a daidaita adadin.

Jin kamar ana soka allura a leɓe da yatsu cikin kwanaki ukun farko bayan tiyata alama ce kalsiyam na jini ya sauka, a sanar da likita. Dishewar murya yawanci takan warware. Amma wuya ya kumbura, numfashi na sarƙewa, a garzaya asibiti nan take, wataƙila jini ne ya taru.