Maigida ya fara kawo dutsen zinare gida, ina tsoron dalma

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Maigidana yana haƙar zinare a yankin Anka ta jihar Zamfara. Satin nan ya kawo buhu biyu na dutse ya jingine bayan ɗaki, wai gudun ɓarayi a wurin niƙa. Jiya har ƙanensa ya daka wani a turmina. Ƙaramin yarona rarrafe yake a tsakar gidan, duk abin da ya tsinta sai baki. Na yi magana, ya ce wannan ba irin dutsen Bagega ba ne, ƙauyen da gubar dalma ta addabi yara. Don Allah ana gane mai dalma da ido?

Dattijon Bukkuyum:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ki roƙe shi ya fitar da buhunan yau ɗin nan. A 2010 ina gani aka yi ta binne yara a 'Yargalma, haka Dareta da Abare. Mun ɗauka zazzaɓi ne, wasu suka ce iska, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo aka gane ƙurar dutsen da ake niƙawa cikin gidaje ce. Yara sama da 400 suka rasu. Tun kafin yaran, agwagi suka fara mutuwa ba mu lura ba. Daga baya sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Bagega ma ba ta samu wannan aikin ba sai 2013. Wasu da suka rayu har yau ba su dawo daidai ba.

Malamar Asibiti:
'Yar'uwa, ido ba ya tabbatar da komai, gwajin jini ne kawai. Ki kai yaran duka biyu ko da lafiyarsu ƙalau, domin dalma takan taru a jiki kafin amai da jijjiga su bayyana. Akwai maganin da ke fitar da ita, amma ba ya amfani idan yaro ya koma cikin ƙurar. Kada ki yi busasshiyar shara, ki yayyafa ruwa tukuna.

Ɗan Rami:
Ni ma sana'ata ce, kuma na san abin da ke ran mijinki, dutse ɗaya na iya zama abincin shekara. Amma a 2015 abin ya sake faruwa a Rafi ta jihar Neja, ba Zamfara kaɗai ba. Mu a wurinmu muna biyan mai gadi, muna niƙa da ruwa, kayan aiki kuma a can muke tuɓewa mu yi wanka kafin mu dawo. Ki sa yayansa ko liman ya yi masa magana.

Uwar Biyu:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, turmin fa, in na wanke zai yi?

Dattijon Bukkuyum:
A'a, kada hatsi ya sake shiga cikinsa. Ki sayi sabo.