Hayar kat-kat zuwa kwazazzaban Azbin: me ya kamata mu duba kafin mu ba da kuɗi?

Ɗan Zariya II:

Assalamu alaikum jama'a. Mu shida ne daga nan Maradi, muna shirin zuwa Azbin cikin watan Disamba mu ga Timiya da kwarurukan da ke tsakanin duwatsun can. Babu mai kat-kat (mota mai ja da taya huɗu) a cikinmu, haya za mu ɗauka. Tambayoyinmu su ne: a nan Maradi ya kamata mu ɗauki motar ko sai mun isa Agadas? Wace irin mota ce ta dace? Mai da ruwa nawa za mu ɗauka? Ɗaya daga cikinmu ya iya tuƙi sosai, ko za mu iya karɓar motar ba tare da direba ba don kuɗin ya ragu? Allah ya saka da alheri.

Malam Isufu Bakanike:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce mai haɗari. Kada ku karɓi mota ba direbanta. Iya tuƙin kwalta daban, iya tuƙin yashi da dutse daban, kuma direban motar shi ya san inda take ciwo.

Motar da ta dace ita ce Land Cruiser ta gazuwal, samfurin 78 mai dogon jiki ko 79 mai buɗaɗɗen baya, mai injin 1HZ. Injin nan ba shi da tarkacen kwamfuta, kowane bakanike daga nan har Arlit ya san cikinsa, kayan gyaransa kuma ba sa wuyar samu. Hilux ma tana zuwa, sai dai mutum shida da kaya sun yi mata nauyi, kuma mota mai nauyi ita ce ke fara kafewa.

Kafin ku ba da ko dala, ku je da bakanikenku ya duba ta da safe, injin yana sanyi. Motar da aka riga aka ɗumama tana ɓoye laifinta. A tashe ta a gabanku: in ta daɗe tana jan batir, ko farin hayaƙi ya ƙi ɗaukewa bayan ta yi zafi, ku bar ta. A buɗe murfin lagireto tun kafin a tashe ta a duba ruwan. In ya yi tsatsa ko an ga mai yana yawo a kansa, akwai matsala a kan injin. A leƙa ƙarƙashinta a nemi ɗigon mai a akwatin giya da akusul na gaba da na baya, a ƙirga ganyen sifirin ko akwai karyayye.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne gwada kat-kat ɗin kansa. Mota da yawa suna shekara suna yawo cikin gari da tayoyin baya kaɗai, ba wanda ya san na gaba sun daina ja. Ku fita da ita bayan gari wajen yashin Gulbi, a murɗa makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba, a sa giyar kat-kat a H4 (taya huɗu suna ja) sannan L4 (taya huɗu da ƙarfi, a hankali), wani ya tsaya a waje ya ga tayoyin gaba suna haƙa da idonsa. Da kun dawo kwalta a mayar da ita H2, wato tayoyin baya kaɗai ke ja. Tafiya da kat-kat a kan kwalta tana matse giya har ta lalata ta.

Taya kuwa, safaya biyu, ba ɗaya ba. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna sati da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin sati na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara shida, ko zanenta bai cinye ba, robarta ta bushe, dutsen Azbin zai yanka ta. Ku tabbatar akwai tib guda biyu ko uku, faci da gam, ƙarfen ɓare taya, famfon iska da ma'aunin iska, jak da katako mai kauri da za a ɗora shi a kai don kada ya nutse, shebur biyu, tol guda biyu (farantan ƙarfe da ake cusawa ƙarƙashin taya don fitar da mota daga yashi), igiyar ja, fambel, robobin lagireto na sama da na ƙasa, filtar gazuwal biyu, man inji lita biyar, man birki, fiyus da waya.

Alhaji Mutari Mai Jigila:

Abin da Malam Isufu ya faɗa kan mota babu gyara. Ni zan yi magana kan inda za a ɗauke ta da kuma yarjejeniya.

Ku ɗauka a Agadas. Daga Maradi zuwa can, ko ta Damagaram da Tanut kuka bi, ko ta Tawa da Abalak, tafiyar kilomita 700 ce ko fiye. Kwana biyu zuwa huɗu ke nan na kuɗin haya da na mai, zuwa da dawowa, a kan hanyar da bas ke bi kullum. Ku shiga bas ku adana kuɗinku. Bayan haka direban Agadas ya san kori-korin can (busassun rafuka) da rijiyoyi da mutanen ƙauyuka, abin da na nan ba lalle ya sani ba.

Komai a rubuce, da shaidu. Kuɗin kwana nawa ne, kuma daga wane lokaci ake ƙirga kwanan? Akasari mai yana kan wanda ya ɗauki haya, to a rubuta cewa an karɓi tanki cike za a mayar da shi cike. Abincin direba da kuɗin kwanansa a kan wa? In mota ta lalace, wa zai sayi kayan gyara, kuma ranar da ta kwana a tsaye za a biya ta? A nan ake yawan ɓatawa, kowa yana rantsuwa. A rubuta sunayen wuraren da za ku je, don kada ku isa Timiya direba ya ce iyakar cinikinsa ke nan. Ku ba da rabi kafin tashi, rabi bayan dawowa. Takardun mota ku gan su da idonku: kart giriz (katin rajistar mota), asuransi da bai mutu ba, takardar bizit (ta duba lafiyar mota), da permin direba, domin za a tambaye ku a shingen jandarma.

Lissafin mai: wannan inji yana shan lita 12 zuwa 14 a kilomita 100 a kan kwalta, amma cikin yashi mai taushi yana kai 20 har 25. Agadas zuwa Timiya kimanin kilomita 220 ne. Zuwa da dawowa da ɗan zagaye ku sa 600. A kan lita 20, lita 120 ke nan, ku ƙara kashi ɗaya cikin uku na ko-ta-kwana, ya zama 160 ga kowace mota. Wasu 78 suna da tanki biyu, lita 90 kowanne, sun isa. In tanki ɗaya ne sai jarkoki na lita 20, a ɗaure su da kyau. Man tano (durom) da ake saidawa a ƙauye yakan zo da ruwa da ƙura, in dole ta sa kuka saya a tace shi da ƙyalle mai tsabta, kada kuma a zuba na gindin tanon.

Agali na Agadas:

Sannunku. Alhaji, ina ƙara abu guda a kan lissafinka: mota biyu. Mota ɗaya ba ta shiga daji ita kaɗai, komai sabuntarta. Su shida ne, da direbobi da jagora, dama mota biyu ce daidai da su.

Kafin komai, Ɗan Zariya, ku je wurin hukuma a Agadas ku bayyana hanyarku da ranar dawowarku, ku tambayi halin tsaro na wannan satin, ba na bara ba. In an ce a dakata, ku dakata. In an ce sai da rakiya, ku bi. Kada direba ya bar sawun da motoci ke bi don neman yanke, domin an binne nakiyoyi a wasu sassan Azbin lokacin tawayen 2007 zuwa 2009. Yankin Azbin da Tenere kuma gandu ne mai kariya, yana cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 1991, ba a farauta, ba a taɓa zanen da ke jikin duwatsu.

Hanyar can tana canza fuska sau da yawa a yini guda: dutse, sai cikin kori mai yashi, sai dutse kuma. Iskar taya ita ce sirrin. A kan dutse a bar ta wajen kilo 2 a ma'aunin iska, mota mai kaya har sama da haka a baya. In za a shiga yashi mai tsawo a rage zuwa kilo 1,2. Faɗin tayar da ke taɓa ƙasa yana ƙaruwa, motar ta hau kan yashin maimakon ta haƙa shi. Kada a sauka ƙasa da 0,8, taya tana iya fita daga ƙarfenta a kwana. Da an fito kan dutse a sake hurawa. Mutane suna ƙyuyar wannan, sai dutse ya tsaga gefen tayar, kuma tsagar gefe ba ta facuwa.

In ta kafe, a ɗaga ƙafa daga totur nan take. Ƙara wuta yana binne ta ne har cikinta ya zauna a ƙasa, ya ƙone kuloci. Kowa ya sauka, a gwada komawa baya kan sawunta a L4. In ta ƙi, a haƙe gaban tayoyi huɗun, a rage iska, a cusa tol, a fita da giya ta biyu a hankali. In ɗayar motar ce za ta ja, a ɗaura igiya a ƙugiyar da ke jikin shasi, kowa kuma ya matsa nesa, igiyar da ta tsinke tana kashe mutum. Allurar zafi in ta hau, a kashe na'urar sanyi, a juya hancin motar ya fuskanci iska, a bar injin yana aiki a hankali. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi.

Ruwan sha lita 6 ga kowane mutum a yini a lokacin sanyi, ban da na girki da na mota, da ƙarin na kwana biyu. A raba shi cikin jarkoki da yawa, cikin motocin biyu. Disamba lokaci ne mai kyau, amma dare a kan dutse yana kusan daskarar da ruwa, ku zo da barguna na gaske. Kada ku kwana a tsakiyar kori ko da yashinsa ya fi daɗin shimfiɗa. Da damina, Yuli zuwa Satumba, ruwa yana sauka a kan dutse nesa da ku, sama a kanku garau, sai ga shi ya taho da itace da duwatsu. Mutanen Agadas ba su manta abin da korin Telwa ya yi wa garin a Satumbar 2009 ba. Layin salula yana ɗaukewa da kun yi nisa, ku tabbatar jagoranku yana da wayar tauraron ɗan adam ta Thuraya mai caji da kuɗi a ciki. In mota ta mutu, a zauna wurinta, ba a tafiya neman taimako da ƙafa.

Hajiya Rabi ta Dakoro:

Ƴaƴana, in a cikinku babu wanda ya taɓa kwana a daji da mota, me zai hana ku fara da na gida? Gandun Gadabeji yana nan arewa da Dakoro, cikin jiharmu. An kafa shi a 1955, kuma a 2018 aka kawo raƙuman dawa daga Kure aka sake su a ciki. Za ku ratsa kwarin Tarka, ku sami yashin da zai koya muku rage iska da sa tol, kwana biyu sun isa. Ku fara neman izini wurin ma'aikatan gandun daji. Haɗarin can shi ne busasshiyar ciyawa bayan damina: tana taruwa a ƙarƙashin mota kusa da salansa ta kama wuta, ƙarangiya kuma ta toshe lagireto. Duk tsayawa a leƙa a cire, kada kuma a tsayar da mota mai zafi a kan doguwar ciyawa. Gobarar daji ɗaya tana cinye abincin dabbobin makiyaya na shekara guda.

Ɗan Zariya II:

Mun gode ƙwarai, iyayenmu. Mun yanke za mu gwada Gadabeji a Nuwamba tukuna. Malam Isufu, a wannan ma sai mota biyu?

Malam Isufu Bakanike:

Biyu, ƙanena. A gaban lagireton kowacce ku ɗaura gidan sauro na waya don ƙarangiyar da Hajiya ta ambata, ku riƙa kakkaɓe shi duk bayan awa guda.