Abin da aka tattauna kan zama a gundumar Otter Tail, jihar Minnesota ta Amurka

Jama'a maganar ta yi tsawo, ga abin da na tsinto don ɗan'uwanmu da ya samu aiki can.

1. Kowa ya yarda sai da mota. Gundumar ƙauye ce, mutum wajen dubu 60 ne a warwatse, Fergus Falls ce hedikwata, daga nan zuwa birnin Fargo kusan awa 1, Minneapolis wajen awa 3 ta titin I-94.

2. Sanyi kam ba wasa, a Janairu tafkuna kan daskare har mutane su shiga da mota kan ƙanƙarar, su huda rami suna kamun kifi. An ce ka sayi rigar sanyi da takalma can, na gida ba za su yi ba.

3. Aiki akwai: gonakin masara da waken soya, kiwon shanun madara, kamfanin sarrafa talotalo a garin Pelican Rapids, masana'antun garin Perham, sai asibiti. Da bazara masu yawon hutu ke cika bakin tafkunan gundumar, tafkunan sun fi 1,000, kasuwa ta buɗe.

Inda aka rabu shi ne wurin zama. Wasu sun ce Pelican Rapids saboda akwai Somaliyawa, ba za ka rasa abokin sallah da naman halal ba, wasu kuma suka ce a'a Fergus Falls ta fi shaguna da makarantu. Ni dai in da iyali zan bi na farko, kaɗaicin lokacin ƙanƙara ba daɗi. Gidan bakin tafki kuwa duk an ce ka manta, tsada.