Me ke jawo wa yaran Timor ciwon zuciya tun suna 'yan makaranta?

Bakatsine:
Salam 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin lafiya ku ɗan warware min wani abu da ya tsaya min a rai. Na ji labarin wata ƙungiyar agaji ta Ostireliya da ke ɗauko matasa daga Timor ta Gabas tana kai su can ana musu aikin zuciya kyauta, kuma wai yawancinsu 'yan shekara goma sha ne zuwa ashirin da ɗoriya, 'yan mata ma sun fi yawa. To ni dai a iya sanina ciwon zuciya na manya ne, mai hawan jini ko mai suga ko wanda ƙiba ta yi wa yawa, yaron da ko gemu bai fara ba me ya haɗa shi da wannan ciwo? Gado ne ko abincinsu ne? Sannan kuɗin da ake kashewa a ɗau mutum ɗaya a jirgi a kai shi wata ƙasa, ba gara a tara a yi musu abin da zai amfani kowa a gida ba?

Sista_Mai_Jinya:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ba irin na manya bane wannan, kuma ba abinci ke kawo shi ba. Daga ciwon maƙogwaro yake farawa, wallahi wannan ciwon wuyan da muke rainawa. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira sitiref, ita ke kama maƙogwaron yaro, wani lokaci kuma ta shiga ta ƙurajen fata musamman in akwai ƙazuwa yaro yana ta susa. In ba a ba shi maganin da ya dace ba, bayan sati biyu zuwa uku garkuwar jikinsa da ta tashi yaƙar cutar sai ta rikice ta koma tana cin jikin nasa. Sai ka ga zazzaɓi, ga ciwon gaɓoɓi mai yawo yau gwiwa gobe idon sawu jibi gwiwar hannu, wasu ma jikinsu ya dinga fizga ba da son ransu ba har a ce iska ce ta taɓa su. Gaɓoɓin suna warkewa ras, zuciyar ce ba ta komawa daidai.

Cikin zuciya akwai 'yan ƙofofi huɗu da ke buɗewa jini ya wuce su rufe kar ya dawo. Duk sanda zazzaɓin nan ya sake dawowa sai ya ƙara musu tabo, musamman wadda ke tsakanin ɗakunan hagu, har ta zama kamar ƙyauren katako da damina ta kumbura, ba ya buɗuwa sosai ba ya rufuwa sosai. Shekaru ake ɗauka ana wannan ɓarnar shiru ba wanda ya sani, sai yarinya ta kai sha bakwai ta fara haki in ta hau tudu, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya sai an tara mata filo. Da yawa ma sai sun ɗau cikin fari asirin ke tonuwa don zuciyar ba ta iya ɗaukar nauyin, nan ake rasa uwa a rasa ɗa, Allah ya kiyaye.

Ciwo ne na cunkoso da rashin ruwan wanka da nisan asibiti. A duniya sama da mutum dubu 300 yake kashewa duk shekara, shi ya sa a 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kansa shi kaɗai.

Abban_Walid:
Sista Allah ya saka da alheri. Bari in ƙara ta ɓangaren ƙasar don sai ka san inda suka fito za ka gane dalili. Timor ta Gabas rabin tsibiri ce a arewa da Ostireliya, mutanenta wajen miliyan 1.3. Fotugal ta mulke su ɗaruruwan shekaru, tana fita a 1975 Indunusiya ta mamaye, da suka zaɓi ɓallewa a 1999 sai 'yan bindigar da ke goyon bayan Indunusiya suka bi gari gari suna ƙonawa har da asibitoci, likitoci akasari suka bar ƙasar. Sai 20 ga Mayu 2002 suka samu cikakken 'yanci, kusan daga toka suka fara. Kyuba ce ma ta horar musu da ɗaruruwan likitoci daga baya.

Ƙungiyar da ka ji labari East Timor Hearts Fund ce, an kafa ta a 2010. Wani likitan zuciya ɗan Ostireliya Dakta Noel Bayley shi ne ginshiƙinta, ya daɗe yana zuwa Dili babban birnin yana duba marasa lafiya kyauta a asibitin Bairo Pite, wanda wani likita Ba'amurke marigayi Dakta Dan Murphy ya kafa. Yana gano yaran da aiki kawai zai cece su amma babu inda za a yi a ƙasar, to daga nan aka fara neman asibitocin Ostireliya su yi aikin sadaka, jama'a kuma su haɗa kuɗin jirgi da masauki.

Kuma ba su tsaya kan fiɗa ba. A 2016 su da masu bincike na cibiyar Menzies da ke Darwin da ma'aikatan lafiyar Timor sun bi makarantu a Dili da Ermera suka ɗau hoton zuciyar ɗalibai 1,365. Wajen 35 cikin kowane dubu aka samu da ciwon ko alamar farawarsa, 'yan mata sun fi maza nesa ba kusa ba, wannan adadi yana cikin mafi yawa da aka taɓa gani a duniya. Da aka duba fatar yaran kuma sama da ɗaya cikin biyar na da ƙazuwa. Ka ga maganar Sista ta fito fili kenan.

Dogo_Maraɗi:
Ni fa tambayar Bakatsine ta biyu, ta maganar kuɗi, ita ce ta fi damuna kuma ba wanda ya taɓa ta. Gaskiya ina ganin irin wannan agajin na ɗauko mutum ɗaya a kai shi birnin Melbon na Ostireliya a ɗau hoto yana murmushi ya fi daɗin nunawa masu ba da kuɗi, amma in yara 35 ne cikin dubu, lissafa yaran ƙasar gaba ɗaya ka gani, dubbai ne, jirgi nawa zai kwashe su? Kuɗin aikin mutum ɗaya allurar rigakafin yara nawa zai saya? Ba ina raina ƙoƙarinsu bane, Allah ya ba su lada, amma a fara toshe inda ciwon ke shigowa mana.

Sista_Mai_Jinya:
Malam Dogo maganarka akwai ƙamshin gaskiya, amma yarinyar da ƙofar zuciyarta ta riga ta tsuke allura ba za ta buɗe mata ita ba, ko a yi aiki ko a zuba ido ta tafi tana da shekara ashirin, ni kam ba zan iya cewa a bar ta ba. Kuma su kansu likitocin fiɗar sun fi kowa son rigakafin don ko an gyara ƙofar in zazzaɓin ya dawo sai ya sake lalata ta.

Allurar da kake magana fenisilin ce mai daɗewa a jiki, ita ke hana zazzaɓin dawowa, duk sati huɗu ake yi, wasu sati uku, kuma ba wata ɗaya ko biyu ba, shekara goma ake magana ko ma fiye in ɓarnar ta yi yawa. Tana aiki sosai, an gwada a Yuganda kan yaran da aka gano ciwon da wuri, sakamakon ya fito a 2021, cikin waɗanda ake wa allurar ƙasa da ɗaya cikin ɗari ne ciwon ya ci gaba a shekara biyu, waɗanda ba a yi wa ba kuwa wajen takwas cikin ɗari. Kwalbar ba ta da tsada. Wahalar ita ce yaro ya dawo duk wata. Allurar na da kauri tana da zafi ba wasa ba, yaron kuma jin kansa yake garau bai ga dalilin da za a dinga soka masa ita ba, ga Timor ƙasar duwatsu ce, ɗan manomin kofi a Ermera sai ya sauko daga kan tsauni, damina ta zo hanya ta yanke, uwa ta bar gona ta rako shi, wani zuwan ma a ce maganin ya ƙare. Shi ya sa ake buɗe rajista a rubuta sunan kowane yaro, wanda bai zo ba a bi shi har gida. Akwai wata ƙungiya a Dili mai suna Maluk Timor da ke wannan aikin tare da ma'aikatar lafiyarsu, suna horar da nas-nas da likitocin ƙananan asibitoci. Wannan aikin ba shi da hoto mai kyau kamar yadda ka ce, amma nan ne ake cin yaƙin.

Ita fiɗar ma akwai lissafi a ciki. In aka sa ƙofar ƙarfe sai mutum ya sha wafarin, maganin tsinka jini, har ƙarshen rayuwarsa yana zuwa gwajin jini a kai a kai, kuma maganin na da haɗari ga ɗan da ke ciki. To yarinyar ƙauye da ba ta yi aure ba, likita ya fi so ya gyara tata ƙofar ko a zura siririn bututu ta jijiyar cinya a hura ɗan balan-balan ya buɗe ta ba tare da an tsaga ƙirji ba. Amma hakan sai an kama ciwon kafin ƙofar ta gama lalacewa.

Maman_Ilham:
Innalillahi, ni jikina ma ya yi sanyi. Wannan ai ba Timor kaɗai bane, duk abin da kuka lissafa muna da shi, yara takwas a ɗaki ɗaya, ƙazuwa a makarantun kwana da tsangayu. Yaro ya ce wuyansa na ciwo a ce belu ne a kira wanzami, ya ce gwiwa a ce sanyi ne a shafa man zafi. 'Yar maƙwabciyarmu haka aka yi ta yi mata maganin asma shekara da shekaru sai da ta zo haihuwa aka ce zuciya ce, Allah ya jiƙanta. Na san a Sudan akwai cibiyar Salam kusa da Khartum da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007 suna aikin zuciya kyauta, kuma yawancin waɗanda suka yi wa irin wannan ciwon ne. Anti Sista dan Allah ya uwa za ta bambance ciwon wuyan mura da wannan mai haɗarin?

Sista_Mai_Jinya:
Amin Maman Ilham, Allah ya ba su haƙuri. Da ido kaɗai ba a tabbatarwa, amma in yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 ya tashi da zazzaɓi da zafin haɗiya farat ɗaya, kaluluwa ta fito a wuya, kin leƙa kin ga maƙogwaron ya yi ja ko da farin ruwa-ruwa, kuma babu tari babu majina, to kar ki tsaya jiƙe-jiƙe ki kai shi asibiti. In sun ba da maganin sha kwana goma ne cif, ko ya warke a kwana na uku a ƙarasa, ko kuma a yi allura guda ɗaya. Allurar a asibiti za a yi ta ba a kemis ko a gida ba saboda akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar fenisilin. Cire belu ba ya kashe ƙwayar cutar, ƙara wa yaro rauni kawai yake. Wanda kuma ya taɓa yin ciwon gaɓoɓi mai yawo da zazzaɓi, ko yake haki ba dalili, ki roƙi likita ya tura shi hoton zuciya wanda suke ce wa eko, in mace ce tun kafin ta ɗau ciki.